Sharhi: Banza ba ta kai zomo kasuwa, darasin bikin fitilu na Liyon

Ƴan uwa ƴan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, da iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin hanya, sharhinmu na yau ya shafi wani biki da ake yi nesa da mu, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, amma lissafin da ke cikinsa irin naku ne. Kowace shekara a farkon watan Disamba, dare huɗu a jere, ana haska tsakiyar birnin da fitilu da hotuna masu motsi a jikin gine-gine, jama'a su fito su yi ta yawo da ƙafa suna kallo. Babu ƙofa, babu tikiti, ba a karɓar ko dala. Hukumomin birnin sun ce a ƴan shekarun nan mutum kimanin miliyan 2 ne ke zuwa cikin waɗannan darare, alhali mazauna birnin kansa rabin miliyan ne da ƴan kai. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa yana jiran mai saye ya san abin da wannan adadi yake nufi, domin mutum miliyan 2 sai sun ci, sai sun sha, sai sun shiga mota, kuma da yawansu sai sun nemi wurin kwana.

Mun san wani zai ce, me ya haɗa mu da bikin Turawa, mu da kuran ke ɗauke mana a tsakiyar ciniki? Wani kuma zai ce ai hanyar Faransa ma ta toshe, tun da aka rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairu na 2024. Duka gaskiya ne. Amma ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya ƙin leƙa rumfar da ta fi tasa ciniki don kawai ba sa ga maciji da mai ita. Yakan duba ya ga yadda aka jera kaya, ya dawo ya gyara tasa. Da wannan idon muke so mu dubi bikin.

Liyon tun asali garin fatauci ne. Yana zaune inda kogin Ron da kogin Son suka haɗu, kuma tun 1463 sarkin Faransa na lokacin ya ba shi izinin cin babbar kasuwa sau huɗu a shekara, fatake na zuwa daga ƙasashe dabam-dabam. Daga baya ya yi suna da saƙar siliki. Shi kuwa bikin fitilu, wanda suke kira Fête des Lumières, ya samo tushe ne a 1852. A shekarar aka ƙera wani mutum-mutumi na Maryama da za a kafa a kan cocin da ke bisa tudun Furbiyer. An sa ranar 8 ga Satumba, sai kogin Son ya yi ambaliya ya shiga wurin aikin, aka ɗaga zuwa 8 ga Disamba. Ranar ma sai hadari ya taso, shugabanni suka ce a fasa haska gari da aka shirya. Da yamma ta yi sama ta washe, sai mutanen gari, ba tare da wani ya ba su umarni ba, kowa ya kunna kyandir ya ajiye a bakin tagarsa, suka fito titi. Tun daga nan abin ya zama al'ada, kowace ranar 8 ga Disamba iyalai na jera ƴan gajerun kyandirori cikin ƙananan kofuna na gilashi a tagoginsu. Har yau Kiristocin garin na yin jerin gwanonsu na ibada zuwa tudun a wannan dare, wannan nasu ne. Bikin da hukumar gari ke shiryawa kuwa na kowa da kowa ne, ba a tambayar mutum addininsa.

A lura da kyau, talakawan gari ne suka fara abin da kyandir ɗin da suka saya da kuɗinsu. Hukuma daga baya ta zo, kuma da ta zo ba da biki ta fara ba. A 1989, zamanin magajin gari Michel Noir, aka fito da tsarin haska birnin na dindindin, wato gadoji da dandali da bakin kogi da manyan gine-gine su samu haske kowane dare na shekara. Sai bayan shekara 10, a 1999, zamanin Raymond Barre, aka mai da bikin na dare huɗu, aka gayyato masu fasahar haske daga ƙasashen duniya. Hasken kullum ne ya zo farko, hasken kallo ya biyo baya. Wannan jeri shi ne babban abin da muke so masu karatu su riƙe, za mu kuma dawo kansa.

To me mai zuwa yake gani? Abin da ya fi jan jama'a shi ne majigi, amma ba irin wanda ake haskawa a farin ƙyalle ba. Ana auna gaban gini tun da wuri, kowace taga da ƙofa da ginshiƙi, a shigar da awon cikin kwamfuta, a zana hotuna daidai da shi. Daren biki sai a kafa manyan injinan majigi a kan dakali na ƙarfe daura da ginin, a haska. Sai ka ga kamar bango yana tsagewa, ko ruwa na kwarara daga tagogi, ko ginin duka ya sake launi yana rawa da kiɗa. Kowane wasa ƴan mintoci ne, ya ƙare a sake shi daga farko, don haka wani rukuni ya gama kallo ya wuce wani ya shigo. A dandalin Tero, inda ma'aikatar magajin gari take, da gaban babban cocin tsohon gari, da dandalin Belkur, nan ne cunkoso ya fi yawa. Ban da majigi akwai siffofin dabbobi da furanni da aka yi da fitilu, wasu rataye bisa titi, wasu a cikin lambun gari. Mutanen Liyon na alfahari da cewa a garinsu ne ƴan uwan nan biyu masu suna Lumière suka fito da na'urar silima a 1895, kuma sunan nasu ma'anarsa haske.

Yanzu mu zo ga tambayar ɗan kasuwa, wa ke biya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu fasaha kuɗi ake biyansu, injinan majigi haya ake yi, ga masu tsaro, ga masu shara, ga masu jan waya. Wani kaso yana fitowa daga asusun gari, wato daga harajin mazauna da na masu kantuna, wani kaso kuma daga kamfanonin da ke sa hannu don a ga sunansu. Wutar kanta ba ita ce mai cin kuɗi sosai ba, saboda fitilun zamani da ake kira LED ba su da ci. Ampul na LED mai wat 9 ko 10 yana ba da hasken tsohon ampul mai wat 60. Ban da haka a wasu wurare kashe fitilun titi ake yi lokacin wasan don hoton ya fito sosai.

Me ya sa gari zai kashe kuɗi ya ce a zo a kalla kyauta? Domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da an sa tikiti a ƙofa, da mai iyali biyar ya yi lissafi ya zauna gida. Da aka bar ƙofa buɗe sai ya fito da su duka, kuɗin da bai biya a ƙofa ba ya kashe su a hannun mai abinci da mai abin sha mai zafi da mai sayar da hular sanyi. Baƙon da ya zo daga wani gari ya biya jirgin ƙasa, ya biya otel, da rana kafin a kunna fitilu ya shiga kantuna. Farkon Disamba lokaci ne na sanyi da dogon dare a can, lokacin da ba a cika samun baƙi ba, sai ga shi otel-otel sun cika. Shekaru da dama ma an sha barin motocin haya na gari da jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta a yammacin 8 ga Disamba, don kada kuɗin mota ya hana kowa fitowa. Ku da kuke ba mai saye ɗanɗano kafin ya sayi mudu, ko ku ƙara masa gyara don ya dawo gobe, kun riga kun san wannan dabara. Liyon ta yi ta ne kawai a girman gari.

Akwai kuma wani abu da ya burge mu. Tun 2005 ana sayar da ƙananan kyandirori na musamman lokacin bikin, an daɗe ana ba da kowane ɗaya a kan euro 2, wato sefa 1,300 da ɗan wani abu, kuɗin kuma a miƙa su ga wata ƙungiyar taimakon jama'a da ake zaɓa kowace shekara. Wanda ya kalla kyauta ya samu hanyar mai da alheri, ba tare da an tilasta masa ba.

Amma kada mu yi muku zaƙin baki, ribar ba daidai take rabuwa ba. Mai otel da mai babban gidan abinci a tsakiyar gari su ke kwashe kaso mai tsoka, kuɗin ɗaki kan hau sosai a waɗannan kwanaki. Mai kantin da ke unguwa mai nisa ba ya ganin komai, wataƙila ma masu sayensa sun tafi kallo. Wanda ke cikin da'irar bikin amma kayansa ba na ci ko sha ba ne, shi kuma yana fama da rufe hanya, motar kaya ba ta iso shi da yamma. Ƙaramin mai tebur kuwa, a Faransa ba a kafa tebur a kan titi sai da takardar izini daga ma'aikatar magajin gari, wanda ya kasa kaya babu ita ana iya kwashe kayan a ci shi tara. Ke nan wanda ya samu takarda tun da wuri shi ya ci kasuwar, wanda bai ji labari ba sai ya tsaya kallo kamar kowa. Taron jama'a kaɗai ba ya ba talaka riba, sai an ba shi wurin tsayawa a cikin taron.

Haka nan wanda ya ɗora jarinsa duka a kan dare huɗu ya yi ganganci. A 2015, bayan hare-haren 13 ga Nuwamba a birnin Paris da suka kashe mutum 130, an soke bikin saura ƴan makonni, aka tsaya ga kunna kyandir don tunawa da mamatan. A 2016 da aka dawo, dare uku aka yi, cikin da'irar da aka killace ana binciken jakunkuna a mashiga. A 2020 cutar korona ta sa aka sake sokewa. Duk wanda ya ci bashi ya tara kaya don waɗannan darare ya san yadda ta kaya masa. Abin da bai tsaya ba a shekarun nan biyu shi ne kyandir ɗin tagogi, saboda shi ba ya jiran izinin kowa.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, ko ɗansa ke karatu a can, ga ƴan shawarwari. A nemi masauki tun da watanni. A sa kayan sanyi da takalmin da za a iya doguwar tafiya da shi, domin motoci ba sa shiga tsakiyar gari da yamma. Rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe 5, sai a yi Magariba da Isha'i a ci abinci kafin a shiga taro, saboda in an shiga fita da wuya. Daren Asabar ya fi kowane cunkoso. A rage kaya a hannu, a kula da aljihu da salula, a riƙe hannun yara, a kuma yanke wurin haɗuwa in an rabu. Musulmi ya tambaya kafin ya saya, domin abin sha mai zafi da aka fi sayarwa a titi giya ce da aka ɗumama, naman da ake gasawa kuma sau da yawa na alade ne. A unguwar Giyotiyer, ƙetaren kogin Ron daga dandalin Belkur, ana samun abincin halal da kantunan ƴan Afirka. Alhazanmu masu zuwa Dubai sarin kaya kuma ba sai sun je Turai ba. Garin Sharja da ke maƙwabtaka da Dubai yana yin nasa bikin haske a watan Fabrairu, ana haska masallatai da manyan gine-gine, mai wucewa ya tsaya ya kalla daga titi. Birnin Riyad na Saudiyya ma ya fara nasa a 2021. Gani ya kori ji.

Mu dawo gida. Shin muna kira ne a kawo injinan majigi Maraɗi ko Damagaram? A'a, ba yanzu ba. A ƙididdigar Bankin Duniya ta farkon shekarun 2020, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a Nijar. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa a lokacin. Masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, da teloli, da masu niƙa, da masu walda, kowa ya ji a jikinsa har zuwa farkon 2024. Garin da ke cikin wannan hali in ya ɗauki kuɗin talakawa ya yi wasan haske na dare huɗu, ya yi kwalliya ne da kayan aro.

Amma darasin yana nan, kuma mu ma mun san shi. Ku dubi goman ƙarshe na azumi da daren jajibirin Salla. Babu wanda ke sayar da tikiti, amma gari ba ya barci, tela na kan keke har asuba, mai takalma da mai atamfa da mai lalle da mai kayan yara kowa na ciniki. Ku dubi mai shayi da mai tsire da mai ƙosai, a ina suke kafa tebur? Ƙarƙashin fitilar titi mai ci, ko gaban kantin da ya bar ampul a waje. Inda haske yake nan mutane ke tsayawa, inda suka tsaya nan kuɗi ke sauya hannu. Matar da ke tuya a lungu mai duhu tana tashi da wuri, ba don kayanta sun ƙare ba, sai don tsoron ɓarayi da rashin mai wucewa. Awa biyu da ta rasa kowane dare, a tara su a shekara a ga ko nawa ne.

Mun kuma ga bukukuwanmu na 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jiha-jiha, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An shimfiɗa gudro, an kafa fitilu, garuruwa sun yi kyau, ba mai musun wannan. Sai dai kowane mai karatu ya fita bayan Isha'i ya ƙirga da idonsa, fitila nawa ke ci a hanyar kasuwarsu, nawa suka mutu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kuma ba mu manta da rusau ɗin rumfuna da kiyos-kiyos na bakin titi da aka yi a Yamai a 2016 da sunan gyaran gari ba. A wurinmu sau da yawa in an ce za a ƙawata gari, ƙaramin ɗan kasuwa ne na farko da ake cewa ya tashi.

Don haka ga matsayinmu. Muna kira ga magadan gari su bi jerin da Liyon ta bi, hasken kullum tukuna. A fara da hanyoyin da ke kewaye da kasuwa, da tashoshin mota, da wuraren da mata ke tuya da dare. Rana muke da ita har ta yi yawa, tashar Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023 ta nuna ana iyawa, kuma fitilar titi mai aiki da hasken rana ba ta jiran layin da ya taso daga wata ƙasa. Amma batirinta na mutuwa bayan ƴan shekaru, ƙurar hunturu na rufe farantinta, don haka duk wanda zai kafa ta ya faɗa wa jama'a wa zai share, wa zai sauya batir, da kuɗin wane asusu. Ƴan kasuwa na biyan patanti da kuɗin rumfa da tikitin kasuwa na kullum, suna da haƙƙin su ji amsa.

Muna kuma kira, duk ranar da za a yi wani taro na kyauta a tsakiyar gari, kokowa ce ko bikin ƙasa ko hawan Salla, a sanar tun da wuri a gidajen rediyo inda za a ba masu tebur wuri, da kuɗin wurin, da ranar rubuta suna. A ware wa mata kasonsu a fili, kada a bari sai mai uwa a gindin murhu ya samu. A bar hanyar da motar ƴan kwana-kwana za ta bi, a hana jone-jonen waya barkatai, domin gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 da ta ƙaramar kasuwa ta 2012 sun isa wa'azi, wuta ba ta san rumfar mai kuɗi da ta talaka ba.

Ku ma ƴan kasuwa da sauran aiki a gabanku. Mutanen Liyon ba su jira hukuma ba a 1852, kowa tagarsa ya haska. Layi ɗaya mai rumfa 20, in kowa ya ajiye dala ashirin a rana cikin adashi, jaka 2 ke nan kullum, a wata jaka 60, kuɗin da ya isa a fara sayen ƙananan fitilu masu aiki da rana a rataya a bakin layin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabannin ƙungiyoyinku su ɗauki maganar haske su sa ta cikin abin da suke kaiwa gaban magajin gari, kamar yadda suke kai maganar haraji da ta shara. In hanyoyin kasuwanninmu suka samu haske dare 365, to ranar da wani gari namu zai ce jama'a su fito kallon fitilu kyauta, mu ne za mu fara buga sanarwar a wannan shafi.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara da ɓarayi, amin.